Kwancen Yaya

Ni da kwance na girma. Mu biyu ne mata a ɗakin mahaifiyarmu, Yaya da ni, tsiranmu bai kai shekara biyu ba, kuma Allah ya yi mu tsayi ɗaya, kafaɗa ɗaya, har tafiyarmu iri ɗaya. A ƙauyenmu na kudancin Bauchi, in muka ba da baya a hanyar rafi, Mama da kanta takan kira ɗaya, ɗayar ta waiwayo. Sai ta gaba ake bambance mu. Yaya tana da wushirya da dariya a kusa, ni kuwa an ce tun ina goye nake ɗaure fuska kamar wadda aka ƙwace wa nama.

Kowace Kirsimeti a ɗinka wa Yaya sabuwar riga, ni a miƙo mini ta bara. Haka takalmi, haka rigar makaranta, haka ɗankunne. In na turo baki, Mama ta ce, "Yi haƙuri, Auta, ai baɗi taki ce." Maganar lallashi ce, yanzu na sani, amma a lokacin alkawari na ɗauke ta. Na tashi ina kallon duk abin da ke jikin Yaya da idon mai jira. In ta zauna a ƙasa da sabuwar riga sai in ji haushi, don rigata take ɓata mini.

Da muka gama sakandare muka zo Bauchi, wajen Goggo, ƙanwar babanmu, a Yelwa. Ni na shiga koyon ɗinki a wani shago kusa da Kasuwar Muda Lawal, Yaya ta samu aiki a wani kantin magani. A coci ni ce abin kwatance. Ina cikin mawaƙa, ba na fashin addu'ar safe, siket ɗina har idon sawu, kuma babu saurayin da ya taɓa rako ni ko da bakin titi ne. Iyaye mata in za su yi wa 'ya'yansu faɗa, da ni suke misali. Yaya kuwa kowa nata ne, da ɗan acaɓa da mai rake duk sai ta tsaya an yi raha, har Goggo tana cewa yarinyar nan wata rana za ta jawo mana magana. Na kame kaina, gaskiya ne, ba wanda zai buga ƙirji ya ce ya taɓa ko da hannuna. Amma a raina aikin lada nake yi, ina jiran ranar da Ubangiji zai tashi sallamar ma'aikata ya fara da ni.

Sai ga shi ya fara da Yaya.

Wani soja ne, kofur, ɗan ƙasarmu, dogo mai sanyin magana, ya zo sayen maganin mura ya manta da murar. Ba a yi shekara ba aka ɗaura aure. Ni na ɗinka rigar amarya, ni ce babbar ƙawa, ni na riƙe mata jelar rigar har gaban bagade, ina murmushi har kumatuna suka yi ciwo. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba zoben ba ne. Bayan an fito, matan zumunta suka kewaye ta da tulu da caki, suna rawa suna guɗa, suka ɗaura mata zanensu. Wanda bai san cocinmu ba ba zai gane ba: zanen zumuntar mata na matan aure ne kaɗai. Ko kin kai shekara nawa, ko kin haddace waƙa nawa, in ba ki da miji, a bencin baya za ki zauna da 'yan mata kina kallo. Ni da nake yanka zanen nan ina ɗinke bakinsa a shago kusan kullum, ba ni da ikon ɗaura shi. Yaya da ko baiti biyu ba ta kaiwa sai ta ɓata waƙa, ga ta a tsakiya ana yi mata fifita.

Bayan shekara ta haifi 'ya mace. Mama ce ya kamata ta zo zaman jego, amma ciwon gwiwa ya hana ta hawa mota, ga damina ta kankama. Aka ce Auta ta je, ai tana gari. Na tura kayana a jaka na hau acaɓa, don lokacin keke mai ƙafa uku bai shigo ba tukuna, sai barikin Shadawanka.

Ciki da falo ne a wani dogon layi, kicin a baya, famfo na kowa da kowa a ƙarshen layin. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ni komai na gidan ya shiga idona: labulen leshi, kujeru masu hannu, hoton aurensu a bango, takalman kofur a jere a bakin ƙofa suna ƙyalli. A falo nake kwana a kan tabarma. Aikina in tashi da asuba in dafa ruwan wanka da ganye, in dama kunun kanwa, in wanke tsummokaran jaririya, in ɗora girki. Wankan jegon kansa ba ni nake yi mata ba, ni budurwa me na sani. Magajiyar bariki ce take zuwa, wato shugabar matan sojoji, wata dattijuwa mai jiki, matar wani tsohon saje. Ta daɗe tana bin miji daga wannan bariki zuwa wancan, Hausarta ma ta bariki ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu.

A wajenmu miji yana wasa da ƙanwar matarsa. Al'ada ce, ba mai ɗaukarta da zafi. Yayar mata ake jin nauyi, ƙanwa kuwa abokiyar tsokana ce. Ranar da na iso, kofur ya tarbe ni tun daga ƙofa.

"A'a, amarya ta iso!" in ji shi. "Uwargida, sai ki tattara ki ba mu wuri."

Yaya tana kwance tana dariya ta ce, "Na bar miki shi, Auta, da minsharinsa da komai."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Kowace ƙanwa ta san yadda ake yi da irin wannan wasa: a rama, a ce masa ya yi tsufa, a tofar a wuce. Ni kuwa da ba namijin da ya taɓa kirana da wani suna mai daɗi, sai na haɗiye. Ita ma Yaya da ta ce ta bar mini, ta manta da wadda take gaya wa.

Wainar masa kam na iya ta, wannan ko maƙiyina zai shaida. Irin ta Bauchi, fara, mai laushi, wadda in ka danna ta take dawowa. Yaya kuwa, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa tuƙa tuwo babu gudaji ba. Wata Asabar na jiƙa shinkafa tun daren Juma'a, na kai niƙa kasuwar mami ta cikin bariki, na aro tanda a maƙwabta, na yi masa da miyar taushe. Kofur ya ci ya suɗe yatsu ya ce, "Amarya, wannan hannun naki a sa masa zobe." Na koma kicin ina maimaita maganar kamar ayar haddacewa. Daga ranar na shiga wata gasa da ni kaɗai na san ana yinta. Masa ran Asabar, masa ran Talata, masa duk ranar da na samu dalili. Na karɓe gugar kakinsa, ina fitar da kari kamar bakin wuƙa. Na gane takunsa tun daga ƙarshen layi. Na fara shafa man Yaya, ina fesa turarenta.

In ya dawo daga aiki yakan wuce ni a falo da "sannu, amarya," ya ɗaga labule ya shiga ciki. Sai in ji suna magana ƙasa-ƙasa, suna dariya, jaririya tana 'yan koke-kokenta, ni ina falo na kasa kunne. Kishi nake yi, ba wani sunan da zan ba shi. In dubi Yaya, fuska a kumbure, kai a cukurkuɗe, riga duk nono, in ce a raina: me ya gani? Ni ce mai tashin asuba, ni ce mai shan hayaƙi, ita tana kwance ana kawo mata farfesu, amma in ya shigo wajenta yake nufa. Har jaririyar ma, in na goya ta zuwa famfo wata baƙuwa ta ce, "Kai, ta yi kama da ke," ba na cewa ba tawa ba ce. Sai in yi murmushi in gyara goyo.

Duk wannan ina addu'ata safe da yamma, ban ga laifina ba. Me na yi? Ban taɓa shi ba, bai taɓa ni ba. A ganina tsarkina yana nan daram.

Da arba'in ta matso, aka sa ranar da Yaya za ta fita coci godiya tare da matan zumunta. Ta ciro zanen da farar rigar da ɗankwalin daga akwati, ta ce in buɗa mata rigar kaɗan ta gefe, don jiki ya ƙaru, in kuma goge su. Da hantsi ita da Magajiya suka tafi kai jaririya rigakafi asibitin bariki. Kofur yana wajen aiki. Gida ya zama nawa.

Na buɗa rigar na goge. Sai na ce bari in gwada in ga ko ɗinkin ya zauna, ai jikinmu ɗaya. Tela ya gwada riga ba laifi ba ne. Amma tela ba ya bukatar ɗaura zane, balle ɗankwali, balle ya shiga uwar ɗaka ya tsaya gaban madubin matar gida. Ni na yi duka. Na kafa ɗauri irin nata, mai karkata hagu. Na juya nan, na juya can. Ya yi mini kyau, kuma har yau ba zan fasa faɗa ba, ya fi yi mini kyau a kanta. Ban so cirewa ba, sai na nemi abin yi a ɗakin. Na ba ƙofa baya na tsaya ina ninke kayan jaririya a kan gadonsu, kamar dai mai wurin.

Ban ji shigowarsa ba. Ya dawo ɗaukar wani abu ne, ya cire takalmi a ƙofa kamar kullum don kada ya ta da jaririya. Sai kawai na ji hannu a ƙuguna, haɓa a kan kafaɗata, da ƙanshin sitacin kakin da ni na goge. Zan faɗi gaskiya: ban motsa ba. Kalma ɗaya ta isa, ko tari. Na yi shiru na rufe ido.

Ya yi ƙasa da murya, don a zatonsa ina kicin zan ji. Ya ce, "Uwar gidana, har kin fara shiri? Don Allah yaushe za ki koma murhu? Yarinyar nan tana ƙoƙari, ban ce ba, amma masa ta ishe ni. Tuwonki nake marmari, da gudajinsa da komai."

Na juyo.

Ban taɓa ganin soja ya ja da baya da irin wannan saurin ba. Ya bugi ƙofa da gwiwar hannu ya ce, "Yesu! Auta?" Yau babu amarya. "Yi haƙuri, na zaci... yi haƙuri." Ya fita da takalmi a hannu. An ce zanen aro ba ya rufe katara. Nawa ya rufe har ƙasa, amma ban taɓa jin tsiraici irin na ranar ba. Na cire, na sake gogewa, na ninke. Da su Yaya suka dawo ina kicin ina yanka albasa, ita ta ba ni hujjar jan ido.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa kunyar ta yi 'yan kwanaki ta lafa, kishin ya dawo da ƙarfinsa. Gudaji! A ce duk laushin masata, gudajin Yaya ake marmari. Sannan ga wani abu sabo: kofur ya daina wasa da ni. In na kawo abinci sai ya ce in ajiye a tebur, idonsa a kan rediyo. Sai na fassara abin yadda nake so, na ce ai mutum ba ya gudun abin da bai taɓa masa rai ba. Yaya kuma ba ta ce komai ba, tana ta raharta kamar kullum, don haka na tabbata bai gaya mata ba. Ke nan akwai abin da ni da shi muka sani, ita ba ta sani ba. Karo na farko a rayuwata ina riƙe da wani abu sabo fil, wanda bai bi ta hannun Yaya ba. Ina goye da 'yarta ina juya shi a raina. Har na fara tsara yadda zan tare shi a bayan layi in ce ya kamata mu yi magana, alhali na san ba magana nake nema ba.

Wata safiya bayan wanka, Magajiya ta same ni a kicin ina guga. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta ɗebi kunu a kofi ba tare da an ce mata bisimilla ba.

"Kai yarinya," ta ce, "wannan kaki na mijinka ne?"

Na ce, "Na mijin Yaya ne, Mama."

"To. Na ga kana goge shi kamar za ka shiga ciki." Ta kurɓi kunu. "An ce mini kai ne mai tsarki na cocinku. Ba ka bin maza."

Na ce haka ne, har da ɗan ɗaga kai.

"Ka kulle ƙofa, ka bar taga a buɗe," in ji ta. "Ni maigida ya tafi bakin daga ya bar ni da ƙuruciyata, layi cike da maza. Ba zane kawai na ɗaure ba, ido na ɗaure. Ido ma yana da budurcinsa, yarinya. Naka ya daɗe da zubewa."

Na ji haushinta ƙwarai. Na ce a raina, tsohuwar da ko mace da namiji ba ta bambancewa a magana, ita ce za ta koya mini tsarki? Na yi mata banza na ci gaba da gugata. Ta ajiye kofi, ta ce kunun ya yi kanwa da yawa, ta tafi.

Amma maganar ta ƙi tafiya. Ran Lahadi na je cocinmu na Yelwa, ranar jibin Ubangiji ce. Fasto ya ce kowa ya binciki kansa, kamar yadda yake faɗa kullum, ni kuma kullum sai in binciki na kusa da ni. Ranar dai na binciki kaina. Na dubi abin da na yi shekaru ina kira tsarki, na ga ashe ban ba Allah jikina ba, ajiye shi na yi ina jiran sakayya, da na ga an tsallake ni an ba Yaya, sai na miƙa hannu kan nata. Na tuna ta ƙarshe cikin dokoki goman da muka haddace tun muna yara, wadda ba ta tambayar abin da hannu ya yi, sai abin da rai ya so. Farantin gurasar jibi ya iso gabana, na bar shi ya wuce. Matar da ke kusa da ni ta dube ni ta wutsiyar ido. Na san kafin yamma labari ya zaga cewa abin kwatance ba ta ci jibi ba. Abin ya yi mini ciwo, amma na zauna a wurina.

Da na koma bariki na fara da abin da zan iya. Na mayar da man Yaya da turarenta inda na gan su. Na mayar da tanda wajen masu ita. Kaki na ce a riƙa kai wa mai guga na kasuwar mami. In na ji takunsa daga ƙarshen layi, sai in ɗauki bokiti in nufi famfo. Ba sauƙi, ido ba ya jin magana a rana ɗaya. Wani lokaci ina tsaye a famfo, bokiti ya cika yana zuba, ni raina yana can cikin ɗakin. Sai in ce, "Ubangiji, mijin Yaya ne," leɓena kawai ke motsi, in sake faɗa, kamar mai koya wa yaro karatu. Abin mamaki, duk ranar da na iya kawar da ido daga kansa, sai in ga Yaya ta rage ba ni haushi. Na fara lura da yadda take cije leɓe in za ta zauna, da yadda take gyangyaɗi tana ba da nono. Ashe wuya take sha, ni ina ta kallon labulen leshi.

Saura asirin. Shi ne na ƙarshe, kuma shi na fi so. Na san muddin ina riƙe da shi, ina riƙe da wani yanki na mijinta. Na kuma san in na faɗa zan iya rasa Yaya gaba ɗaya, ta kore ni, magana ta kai ƙauye wajen Mama.

Ranar jajibirin fita ina yi mata kitso a falo, kanta a tsakanin gwiwoyina, jaririya tana barci. Na zaɓi lokacin ne don ba za ta ga fuskata ba. Na faɗa mata duka, da zanen, da ɗaurin, da hannun. Na ƙarshen ne ya fi wuyar fita. Na ce, "Yaya, na san shi ne, kuma na tsaya."

Na zaci ma ba ta ji ba. Can ta ce, "Ja kitson nan da kyau, yana warwarewa."

Na ja.

"Ai ya gaya mini," ta ce. "Tun ranar. A hanyar asibiti ya tare mu, ko igiyar takalmi bai ɗaure ba, bakinsa na rawa kamar wanda ya harbi mutum bisa kuskure. A gaban Magajiya ya faɗa."

Kibiyar kitson ta faɗi daga hannuna. Ashe abin da nake ta ɓoyo ina lallaɓawa, ko albasata ban gama yankawa ba ya tashi daga asiri. Shi ma ɗin sai da ya bi ta hannun Yaya.

"Amma bai ce kin tsaya ba," ta ce. "Wannan bai sani ba. Ni ce na sani, don na san ki."

Na ce, "To me ya sa ba ki kore ni ba?"

"In kore ki wa zai dama mini kunu?" Ta yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ta juyo da rabin kai a tsefe ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Na yi kuka, Auta, kada ki zaci ban yi ba. Kullum ina jin ƙanshin turarena yana wuce ni zuwa falo. Magajiya ta ce in mayar da ke Yelwa, na ce a'a, a bar ta, in dai ƙanwata ce za ta zo ta faɗa da bakinta. Na gaji da jira ma." Ta share ido da bakin zane. "Kin san tun muna yara ban taɓa sa riga na ji daɗinta ba? Ina sawa kina kallo, kina jira in cire. Ko wadda nake so kamar raina, Kirsimeti na zuwa Mama za ta ce in ba ki. Na ba ki duka, ban taɓa cewa uffan ba. Amma wannan ba na bayarwa ba ne. Ba baɗi ba, ba baɗin baɗaɗa ba."

Na ce, "Na sani, Yaya."

"To ƙarasa mini kaina, kada in je coci kamar mahaukaciya."

Na ɗauki kibiya na ƙarasa, hawayena na ɗiga a kan tsagar, ita kuma ba ta ce in daina ba. Duk shekarun nan ina kukan ni ake ba tsoho, ban taɓa tunanin cewa wadda ake tuɓe wa ita ma tana jin ciwo ba.

Washegari ta fita da zanenta a tsakiyar matan zumunta, ni ina bencin baya riƙe da jaririya. Ta ɓata waƙar kamar yadda ta saba. Da yamma ta koma murhu, ta tuƙa tuwo, kofur ya ci malmala biyu yana lumshe ido. Ni ma na ci don in ji abin da ke ciki. Gudaji ne dai, ba wani sirri, kuma har yau in na tuna sai na ji ɗan haushi. Da zan tafi ya ɗaukar mini jaka har bakin geti, ya tsayar mini da acaɓa ya ce, "Allah ya saka, ƙanwata." Daga ranar haka yake kirana.

Ban yi aure ba. Manema sun zo, wasu ban so ba, wasu ba su tsaya ba, rayuwa ta yi gaba. Ba zan ce kishin ya mutu a falon nan ba, yakan motsa kamar ciwon gwiwar Mama in hadari ya haɗu. Sai dai na san inda tagar take, nakan tashi in rufe. Na ci gaba da kame kaina, amma na daina jiran a biya ni, kuma tun da na daina jiran ne na fara iya zuwa bikin mutane in yi rawa da gaske. Na buɗe shagona a Yelwa, na ɗinke bakin zanen zumunta na amare da yawa, har da na jaririyar nan da na wanke wa tsumma.

Bara waccan Yaya ta rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Da safen jana'iza 'yarta ta same ni a ɗaki, riƙe da zanen a ninke. Tsohon ne, na bikinta, ya koɗe, ga ɗinkina a bakinsa.

"Anti," ta ce, "Mama ta ce in ta tafi a ba ki wannan. Ta ce yanzu ba mai hana ki ɗaurawa."

Na karɓa na kai hanci, ƙanshinta yana nan. Raina ya so, ba zan ɓoye ba, da furfurata da komai. Na daɗe ina riƙe da shi. Sannan na ce a miƙo mini dutsen guga, na goge shi tsaf kamar wancan karon, na fita da shi tsakar gida inda matan zumunta ke tsaye kewaye da akwatin, na ce su shimfiɗa mata a kai. Tsohon kofur yana zaune a gefe da sandarsa. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi zanen, ya ce, "Na gode, ƙanwata."

Da shi aka binne ta. Cikin duk kayan Yaya shi kaɗai ne ta ba ni da son ranta, shi kaɗai ne kuma na bar mata.